Garin da Ake Barin Famfo Yana Ɗiga da Gangan

Leadville, Kolorado, Amurka

Taubashina,

Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo da amarya da yara. Saƙonka ya iso, kana kukan hunturun Kano, wai kwana uku ba ka yi wanka ba saboda ruwan randa ya yi sanyi. To bawana, gyara zama ka ji labarin garin da sanyi ya gina gidansa.

Garin nan a kan duwatsu yake, tsayinsa daga teku ya haura mita 3,000. Masu haƙar azurfa ne suka kafa shi wajen 1878, kuma gidaje da yawa na katako tun na zamaninsu ne. Wanda muke haya ya girmi kakanmu. Da daddare sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Saboda tsayin wurin, ruwa yana tafasa tun wajen digiri 90, shi ya sa wake yake taurin kai a tukunya. Da kai ne mai jiran garau-garau a nan, da kuka za ka yi.

Ka fara gaya wa Gwaggo wannan, amma ka tabbata a zaune take: a nan da gangan muke barin famfo yana ɗiga duk dare. Ka tuna ranƙwashin da ka sha a hannunta ranar da ka bar na tsakar gida a buɗe? Da a nan ne, yabo za ka samu. Dalili kuwa, ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙara ta toshe bututu kamar murfin kwalba, ruwan da ya maƙale tsakaninta da bakin famfo ya rasa mafita, matsi ya yi ta ƙaruwa har ƙarfe ya tsage. Ɗigon nan shi ke ba shi hanyar numfashi. Abin tsoron shi ne ba za ka san ya fashe ba sai rana ta ɗaga, ƙanƙarar ta narke. Haka ya faru da maƙwabciyarmu, tsohuwa mai kirki. Ta tafi ganin jikokinta, wutar ɗumama gida ta mutu a bayanta, ta dawo ta tarar da ruwa yana zuba daga silin. Wuni guda muka yi muna kwasa da bokitai, tausayinta ya hana ni cin abinci.

Tun daga ranar na san inda makullin ruwan gidanmu yake, ko a duhu zan je masa. Muna buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya shiga. Bututun da ke bin jikin bangon waje, wanda shi ne ya fi saurin daskarewa, mun naɗe shi da soso da wata waya mai ɗumi ta lantarki. Wato bututu ya fi ka sutura. Tiyon ban ruwa kuwa tun kaka ake cire shi. In bututu ya riga ya daskare, da na'urar busar da gashi ake lallaɓa shi, a bar famfon a buɗe. Na san ka, da tuni ka kawo kaskon wuta. A gidan katako wannan gobara ce.

Tsufa ma yana da nasa. Da muka tare, ruwan wanka yana zuwa siriri kamar daga bakin buta, da safe kuma ja kamar ruwan kududdufi. Mai gyaran famfo ya yanko guntun tsohon bututun ƙarfe ya nuna mini: tsatsa ta cike cikinsa, ramin da ya rage fensir ma da ƙyar zai shiga. Ya musanya shi da na roba mai lanƙwasa. Ya kuma kankare bututun da ya shigo daga titi ya duba ko na dalma ne, don sai a 1986 Amurka ta hana saka irinsa, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Sunan garin kansa daga dalma aka samo shi, ka ga dole hankalina ya tashi saboda 'yar autarmu. Alhamdu lillahi namu jan ƙarfe ne.

Sai wari da ya cika banɗaki makon jiya. Ashe bututun da ke fitar da iskar masai ta saman rufi ne ƙanƙara ta toshe wa baki. Da a gidanka ne, da ba sai an hau rufi neman mai laifi ba.

Ka gaida mai garuwarmu, ka ce ruwansa bai taɓa fasa bango ba. A sa mana kuka da daddawa a hannun mai zuwa. Kuɗin shararka suna nan a ajiye, amma ba zan turo ba sai amarya ta shaida mini cewa ka yi wanka.

Ubangidanka,
ɗan kawunka.