Baƙin Otal Ɗin Tsaka-tsaki a Tsallaken Kogin Kaduna

Otal a Kaduna hawa uku ne. Akwai na manya, irin na wajen Unguwar Rimi, inda ko ruwan sha ka nema sai an ɗoro shi a faranti. Akwai na gindin tasha, inda ba a tambayar sunanka, kai ma ba ka tambayar wa ya kwana a kan zanin gadon jiya. Sai na tsakiya, wanda ya cika tsallaken kogi: Barnawa, Narayi, Kakuri, Sabon Tasha, da Nasarawa da ke gefen titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas. Bene ɗaya ko biyu, tankin ruwa a sama, janareta a baya, da mai gadi riƙe da madubin leƙa ƙarƙashin mota, wanda shi kansa ya manta abin da yake nema. Kuɗin irin wannan otal ya isa ya ba baƙo ikon yin ƙorafi, amma bai kai a saurari ƙorafin ba. A wannan ɗan tsakanin ne halin mutum ke tsiraicewa, tun daga bakin kanta.

Ga Sufeto, wanda shi ya naɗa kansa. Tun azahar ya sauka daga jirgin ƙasa a Rigasa, amma har aka kira isha'i yana cikin Keke Napep, jaka a cinya, yana zaga otal-otal. Duk inda ya shiga sai an buɗe masa ɗaki uku. Ya danna katifa da gwiwa, ya ɗaga zanin gado ya haska fitilar waya yana farautar kuɗin-cizo, ya murɗa famfo, ya ja ruwan masai ya tsaya yana sauraro, ya soka caja a kowane soket. A yi masa adalci, tambayoyinsa babu ta banza. Ƙarfe nawa ake tayar da inji, ƙarfe nawa ake kashewa? Injin yana jan esi, ko fanka kaɗai? Ruwan na burtsatse ne, ko sai an jira tanka? Tagar nan tana kallon mashaya, inda kiɗa zai kai biyun dare, ko tana kallon baya? Duk mai neman ɗaki a garin nan ya kamata ya ari tambayoyin. Abin da ke kayar da Sufeto shi ne bai san inda ake tsayawa ba. Kuɗin da ya ba mai Keke ya kusa rabin kuɗin kwana, kuma a ƙarshe wurin farko yake komawa, ya tarar an ba wani ɗakin da ya yaba, ya kwana a wanda ke jikin janareta.

Bayansa a layi akwai Alhaji mai ciniki, wanda ya taso daga Kantin Kwari zai karɓi kaya. Yarinyar kanta ta nuna masa takardar farashi a cikin gilashi. A wurinsa wannan buɗe ciniki ne kawai.

"'Yata, nawa gaskiyarsa?"

"Alhaji, dubu talatin ne, ga shi nan a rubuce."

"Rubutu ai mutum ne ya yi shi. Na saya sha takwas."

Ita ba ta saba cewa albarka ba, sai ta tsaya kallonsa. Shi kuwa ya shiga rarrabe ɗakin gunduwa-gunduwa. Idan bai kunna talabijin ba fa? Idan ya yafe karin kumallo? A cire kuɗin tawul, da nasa yake tafe. Da ta ambaci harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a watan Fabrairun 2020, sai ya gyara hula ya tambaye ta ko gwamnati ce za ta kwana a ɗakin ko shi. Ana dariyarsa, amma ni ina bayansa, domin sau da yawa yana cin nasara. Manaja ya san ɗakin da ya kwana babu kowa ba a ajiye shi a sayar gobe, saboda haka da ƙarfe tara ta gota sai farashin cikin gilashi ya fara laushi. Alhaji ya sami ragin dubu biyar, ya haye sama yana murmushi, sannan ya aiki yaro ya sayo masa balangun dubu bakwai, ya bar masa canjin.

Kaduna garin taro ne tun da Turawa suka mai da ita hedikwatar Arewa, har zamanin Sardauna, har yau. Mako ba ya wucewa ba a yi wata bita ba, kuma kowace bita tana haifar da ɗan bita. Za ka gane shi da katin taro rataye a wuya, wanda ba ya cirewa ko da zai shiga wanka, da jakar taron bara a kafaɗa. Ofis ya ba shi kuɗin kwana uku a otal mai daraja, shi kuma ga kuɗin makarantar yara yana jiran sa a gida. Sai su haɗu su huɗu 'yan ƙaramar hukuma ɗaya, su kama ɗaki ɗaya. Guda ya karɓi makulli, sauran su riƙa sulalowa ɗaya bayan ɗaya a matsayin masu zuwa gaisuwa, gaisuwar da ba ta ƙarewa sai da asuba. Biyu a gado, ɗaya a kujera, ƙaramin cikinsu a muƙami a kan kafet. Tikitin karin kumallo na mutum ɗaya ne: shayi, yankan burodi biyu, ƙwai ɗaya. Yadda ake raba ƙwan nan bisa matakin albashi ya fi duk abin da aka koyar a zauren bitar tsari. Ranar tafiya kuma kowannensu ya zo kanta shi kaɗai, ya sassauta murya: "Ƙanwata, rasit za ki taimaka min da shi. Ki buga hatimi kawai, wurin kuɗin ki bar shi, ni zan cike." Ɗaki ɗaya, rasit huɗu. Wanda zai binciki takardun a ofis shi ne wanda ya kwana a kujera.

Kishiyarsa shi ne mai cin kuɗinsa. Wannan ya biya cif, kuma ya yi rantsuwa ba zai bar wa otal ko kwabo ba. Esi a ƙure, fanka a ƙure, talabijin na magana ita kaɗai, shi yana ƙudundune cikin bargo haƙoransa na haɗuwa, amma ba zai rage ba, ai ya biya. Wanka uku kafin azahar. Idan zai fita ya bar komai a kunne don ɗakin ya ci gaba da yi masa aiki. Mai otal kuwa yana ƙasa yana lissafin da ke hana barci: man gas ya daɗe da haye naira dubu kowace lita, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni. Shi ya sa ake kashe inji da tsakar dare ko gab da asuba, a bar baƙi da rahamar abin da har yanzu muke kira NEPA, ko da yake sunan ya daɗe da mutuwa a takarda. Injin na yin shiru, mai cin kuɗinsa ne farkon sauka, daga shi sai gajeren wando da singileti, yana neman a mayar masa da kuɗin awa uku. Da safe jakarsa ta fi yadda ta zo nauyi: sabulu, takardar bayan gida, silifas, har batirin rimot.

Duk waɗannan wasa ne idan aka kwatanta da 'yan biki. Ranar Alhamis wani saurayi mai kunya zai zo ya kama ɗaki biyu, ya ce iyayensa ne mata su huɗu za su zo daga Funtuwa. Ranar Juma'a da la'asar sai ga bas. Bikin farar kaza, balbela ba sai da gayya ba: gwaggo, inna, yayar uwar ango, maƙwabciyar da ta yi wa uwarsa wankan jego, 'yan mata tara, da yaran da ba wanda ya ƙirga. A cikin jakar Gana-mas-go akwai ƙaramar tukunyar gas, a naɗe cikin zannuwa don kada mai gadi ya gani, shi kuwa ya gani, ya kau da kai. Kafin magariba ƙamshin soyayyar albasa da turaren wuta sun haɗu a baranda. An soka dutsen guga biyu da hita da na'urar busar gashi a soket ɗaya, wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke. Farin tawul ya sha lalle, ba zai sake zama fari ba har abada. Yara sun gano cewa ƙofofin ɗakuna suna da daɗin ƙwanƙwasawa.

Manaja ya hau da fushinsa, riƙe da takardar dokoki. Gwaggo ce ta tare shi a bakin ƙofa, ba ta ko tashi daga kan tabarma ba.

"Hajiya, doka ta ce mutum biyu a ɗaki."

"To ɗan nan, zaɓi biyun da kanka, sauran ka kai mu titi. Kai ba ka da uwa ne? Ke Ladidi, zubo wa yayanku dubulan."

Ya sauko da leda cike da alkaki da cincin, da alkawarin zai leƙa wurin kamu.

Akwai wasu da ba sa buƙatar dogon bayani. Mai "ka san ko ni wane ne", wanda mai taimaka wa mai taimaka wa wani ɗan majalisa ne, kuma da ya kai yadda yake faɗa da ba a nan zai kwana ba. Ustazun da kafin ya ajiye jaka ya tambayi alƙibla da buta da wanda ya yanka kazar kicin, tambayoyi masu kyau, sai dai yaron da ya tambaya ya nuna masa gabas uku daban-daban. Yarinyar da ba ta taɓa kama ɗaki ba, lemo ɗaya take saye ta yi awa biyu tana ɗaukar hoton TikTok a jikin furen roba na falo. Da kuma mutumin nan da ya rufe fuska da hular sanyi a watan Afrilu, ya rubuta a rajista sunansa Musa Musa daga Legas, mai gadi kuwa ya gaishe shi da sunansa na gaskiya har ya tambayi mutanen gida.

Matsoraci kam sai an yi masa uzuri, domin abin da ya haifi tsoronsa ba abin dariya ba ne. Rikicin shekarar 2000 da na 2002 sun ci rayuka, suka sa mutane da yawa suka kwashe kayansu, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kirista a kudu. Harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 ya ƙara wa matafiya fargaba. Saboda haka baƙon da ya taso daga Sakkwato an yi masa huɗuba a gida: kada ka kuskura ka kwana a tsallaken gada. Wanda ya taso daga Inugu shi ma an ja masa kunne: kada ka haye can wajensu. Dare ya yi wa dukansu biyu a Nasarawa, inda ake jin kiran salla da waƙar coci a unguwa ɗaya, aka ba su ɗakuna jikin juna. Na farko ya jawo tebur ya tokare ƙofa. Na biyu ya ji ƙarar jan tebur, ya tabbatar an fara, ya jawo nasa har da kujera. Na farko ya ji wannan, ya sa takalmi ya zauna bakin gado yana jan carbi. Haka suka kwana suna gadin juna. Da safe ga su kan benci ɗaya wurin mai shayi, ido jajir, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa cewa a daren jiya Allah ne kaɗai ya tsare.

A ƙarƙashin bishiyar harabar kuma akwai Baba, wanda ya zo bin haƙƙinsa na sallama, 'ya'yansa suka kama masa ɗaki. Ya yi aiki a masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Ya ga lokacin da jiniyar canjin aiki ke cika titi da kekuna, ya ga sababbin Fijo 504 suna fitowa daga kamfanin da aka buɗe a 1975. A wurinsa otal biyu ne aka taɓa yi a duniya: Hamdala, da Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977, aka rushe a 2020. Komai aka kawo masa sai ya girgiza kai ya ce a Hamdala ba haka ake yi ba. In ka matsa masa da tambaya sai ka gano bai taɓa kwana a can ba, sau ɗaya ya raka ubangidansa har bakin ƙofa.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ba su haɗu da ɗan kwangila ba. Ya zo da niyyar kwana biyu, fayil ɗinsa saura sa hannu ɗaya a ma'aikata. Kullum da safe ya saɓa babbar riga ya haye gada, da yamma ya dawo ya ce an ce gobe. Mako na farko ya biya. Na biyu ya ba da rabi. Daga nan manaja ya shiga tarko: in ya kore shi bashin ya tafi, in ya bar shi bashin ya ƙaru. Aka sauko da shi daga ɗakin esi zuwa na fanka, daga na fanka zuwa wanda ke kusa da kicin, bai ce uffan ba. Yanzu ya san sunan 'ya'yan mai wanki, shi ke sasanta kuku da mai gadi, shi ya san dabarar da ake yi wa injin in ya ƙi tashi. Idan yarinyar kanta ta tafi salla shi ke zama a kujerarta. Sabon baƙo ya shigo da jaka, sai ya miƙe da fara'a ya ce masa: "Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ɗaki akwai, amma ka yi haƙuri, a nan sai an biya kafin a hau. Ba ma ba da bashi."