Makarantar Gwamnati Ce, Amma Masararmu Ke Shan Rana A Ciki

A Katsina ake tsara kalandar karatu. A buga ta, a sa hannu, a aiko wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya raba wa hedimastoci su manna a bangon ofis. Ta ce a koma aji a watan Satumba, a tafi hutu a Disamba, a dawo a Janairu. Ba mu taɓa yi mata gardama ba. Mu dai nan ƙasar Bakori muna da tamu wadda ba a rubuta ba, kuma duk malamin da aka turo mana, ko Tsiga aka kai shi ko Guga ko Kabomo ko Kakumi, kafin shekara ta zagayo ya haddace ta tsaf.

Leƙa aji biyar da safe cikin watan Nuwamba, lokacin da aka yanke waken suya, masara na jibge, auduga ta fashe fari fat. Malam ya buɗe rajista yana kiran suna.

"Ya tafi kala, Malam."

"Ƙanensa fa?"

"Tare suka tafi. Shi ke riƙe masa buhu."

"To, ita wannan mai zama bakin taga?"

"Ta kai wa 'yan aiki abinci gona. Ta ce a ce maka tana zuwa."

Tana zuwan nan kuwa, sai an gama sussukar dawa. Idan malam ya ji haushi ya bi uban yaro har ƙofar gida, za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a gaisa sosai, sannan a ce: "Allah gafarta Malam, ai da waken nan za a ɗinka masa kayan makarantar da kuka ce sai da su. In bai je kala ba, da me zai zo muku?" Malam ya rasa ta cewa, don shi ma babur ɗinsa na can gindin darbejiya da buhunan wofi ɗaure a baya. Ana kaɗa ƙararrawar tashi, gonarsa ya nufa.

Abin da ke ba dattawan majalisa dariya shi ne dogon hutu. Yakan faɗo a watan Agusta, bayan an yi noman fari, an yi maimai, an zuba taki, an yi huɗa, ba abin da ya rage sai kallon sama. Lokacin ne ake sako mana yara su zauna gida su ƙarasa ɗan abin da ya saura a rumbu. Jarrabawar ƙarshen shekara kuwa sai ta zo a Yuli, daidai sa'ad da ciyawa ke neman shaƙe masara. Dattawa sun yanke hukunci tuntuni cewa wanda ya tsara haka bai taɓa riƙe fartanya ba. Su kuma ba su taɓa rubuta wa kowa takarda a kai ba. Ranar kasuwa ba a ma maganarta. Kasuwar hatsin Bakori manyan motoci ke zuwa lodi a cikinta, kuma yaron aji shida mai baro ya san abin da zai koma gida da shi kafin la'asar.

Kada wani ya ji wannan ya ce ba ma son boko. Wancan zamanin ya wuce. Kakanninmu ne ake ba da labarin sun ɓoye 'ya'ya a rumbu in sun ji dogari ya shigo gari neman yaran makaranta. Waɗanda suka shiga a 1976, shekarar da gwamnatin soja ta Obasanjo ta buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta, har yau suna kwatanta yadda ake sa yaro ya ɗora hannu bisa ka ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo ya isa shiga, in bai kamo ba sai baɗi. Yanzu abin ya juye. Hedimasta ne ke roƙon a rage. Uwa za ta yi wa ɗan shekara uku wanka, ta shafe shi da mai, ta haɗa shi da yayarsa, ta ce, "Ku tafi tare, ina da surfe." Shi ya sa a aji ɗaya akwai 'yan rajista, akwai 'yan rakiya, kuma sau da yawa 'yan rakiyar sun fi zuwa a kan lokaci. Suna zaune a ƙasa a gaba, wani na barci, wani na lasar alli, malama na koyar da baƙaƙe tana raba faɗa da ƙafa.

Ga shi yaron nan namu makaranta uku gare shi. Da asuba yana gaban allo, da hantsi yana boko, da yamma yana Islamiyya. Idan ya makara, monita na bakin hanya da tsumagiya, hukuncinsa tsintar leda. Ba a taɓa rasa ledar tsinta ba, don mu ne ke zubarwa.

Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshe, kuma ba bugun da ya kai na tara da rabi ko goma daɗi, wato na fita cin abinci. Kafin a buga, masu talla sun jeru a inuwa: mai awara da yajinta, mai ɗanwake, mai rogo da ƙuli, mai fanke, mai kwaɗon zogale, da tsohuwar da ke sayar da alewa da gyaɗa tun iyayen yaran na zuwa da gajeren wando. Ita wannan ta fi rajista sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ta san wanda aka ba naira hamsin, ta san wanda ya fito gida ba karyawa, kuma takan ce da shi, "Zo nan, jikana, riƙe wannan, ka ce wa uwarka ina gaishe ta." Bashin ba ya shiga littafi.

Da gwamnatin Buhari ta kawo ciyar da 'yan firamare, shirin da aka ƙaddamar a 2016 kan naira 70 kowane yaro, 'yan aji ɗaya zuwa uku kaɗai, mun ga abin mamaki. Yaran da aka shekara ana nema sai ga su da kwano a hannu, ko fensir babu. 'Yan aji huɗu suka fara cewa su fa ba su gane karatun bara ba, a mayar da su baya. Ranar ƙwai kuwa, har wanda ke kwance da zazzaɓi sai ya warke. Ƙwan ma wani lokaci sai an raba shi, kuma an sha yin shari'a a gaban malama kan wanda ya samu gwaiduwa. Da abincin ya tsaya, kwanukan suka koma gida, wasu da masu su. A majalisa aka yi ta cewa ai dama don abinci suke zuwa, kamar akwai laifi a ce mai jin yunwa ya bi inda tukunya take.

Ta fannin labari, firamare ta fi rediyo sauri. Garinmu da mawaƙi Mamman Shata ya zauna kafin ya koma Funtua ba a rasa masu baki a cikinsa, kuma tun suna ƙanana suke farawa. Abin da aka yi a gidanka da daddare, kafin a gama taron safe ya kai aji shida. Wa aka haifa, wa aka kai asibiti Funtua, gidan wa aka kai kayan lefe, wace ta yi yaji, wa ya sayar da masararsa da wuri yana cizon yatsa: duk za ka ji a bakin ɗan aji biyu, da ƙarin gishiri. Malamai ma na da tasu majalisar a gindin bishiya. Akwai tsofaffin hannu masu Grade II da suka koma suka yi NCE, akwai waɗanda suka fito daga Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma, akwai waɗanda suka fara da shirin N-Power kan naira 30,000 ko na S-Power na zamanin Gwamna Masari, da waɗanda suka shigo cikin malamai fiye da 7,000 da gwamnatin Dikko Radda ta ɗauka a 2023. Daga 25 ga wata zancensu ɗaya ne. Wayar wani ta yi ƙara, kowa ya laluba aljihu. "Ya shigo?" "A'a, kamfanin waya ne." Mai shagon bakin titi ma yana sauraro daga nesa, don shi ya san dalili.

A nan gindin bishiyar aka ji cewa a 2022 Abuja ta ce a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a nan kuma aka ji a 2025 an ce an fasa, a koma Turanci. Duka biyun ba wanda ya tashi daga kan benci. Malam zai rubuta da Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, ya tambaya ko an gane, aji ya amsa da ƙarfi. Haka ake yi kafin sanarwar farko, haka ake yi bayan ta biyu.

Akwai labarin da ba ya ɗaukar raha. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan maƙwabtanmu, zukatan iyaye ba su koma daidai ba. Salansar babur ta yi ƙara, ko wani ya shigo a guje ya ce an ce an gani, sai ka ga mata sun fito ko mayafi bai zauna ba, kowace na kiran sunan nata. A ƙauyukan da ke can ciki, malami na duba hanya kafin ya duba darasi. Tun daga lokacin muke maganar katanga.

To, a nan ne halinmu yake fitowa. Filin makaranta namu ne. A cikinsa muke shanya masara, wani har barandar aji yake shimfiɗa tasa, yara na tsallakewa su shiga darasi. Awakinmu a aji uku suke kwana in ana ruwa, da safe 'yan mata su share. Samari na buga ƙwallo da yamma, tagar da ta saura su ƙarasa ta. Mai biki ya aiko a ara masa benci goma, takwas su dawo. Masu allurar rigakafi nan suke sauka, masu wa'azi nan, masu rabon taki nan. Ranar 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023 nan muka yi layi muka jefa ƙuri'a, wakilan jam'iyyu na zaune kan kujerun 'yan aji ɗaya gwiwa har haɓa. Hanyar da ta ratsa tsakiyar fili kuwa ta fi shekarun hedimasta, kuma mai babur zai bi ta ana tsakiyar taken ƙasa, har ya yi hon. Katangar da muke nema, ita ce za ta toshe wannan hanya, ta hana shanya, ta kori awaki. Shi ya sa in an zo maganar, kowa na goyon baya, amma a bar 'yar ƙofa ta wajen gidansa.

Sai iskar farkon damina ta zo ta yaye kwanon aji biyu ta jefa gonar wani. Nan take makarantar ta tashi daga tamu.

"Ai makarantar gwamnati ce."

Hedimasta ya kira taron iyaye da kwamitin kula da makaranta na SBMC. Aka ce ƙarfe goma, aka fara sha biyu saura. Mai unguwa ya zo, liman ya buɗe da addu'a, iyaye maza ba su cika benci uku ba, mata sun aiko a ce duk abin da aka yanke sun yarda. Hedimasta ya ce, "Ranka ya daɗe, in kowane gida ya kawo tiya ɗaya ta masara, za mu sayi kwano da ƙusa." Sai wani ya miƙe, wanda bai taɓa taka makarantar ba sai ranar zaɓe, ya ce shi ya san doka: tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta ce karatu kyauta ne kuma dole, ba a karɓar ko sisi. Gaskiya ya faɗa, kuma masararsa ce shanye a bayan tagar da yake magana. Wani ya ce a rubuta wa hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB. Wani ya ce a jira ɗan majalisa, ai zaɓe na tafe, ko fenti ya yi mana. Aka kafa kwamiti na mutum bakwai, aka shafa fatiha. Kafinta ɗaya daga cikin iyayen, da bai ce uffan ba a taron, shi ne ya zo da tsani ranar Asabar ya mayar da abin da ya mayu. Kwanon da ya faɗa gona kuwa, mai gonar ya ce bai gani ba, amma akurkin kajinsa ya yi sabon rufi.

Rana ɗaya ce makarantar ke dawowa tamu ba gardama, ranar ba da sakamako. Yara su fito a guje da kati a hannu, unguwa ta ɗauka. Uba ba ruwansa da abin da aka ci a lissafi ko Hausa, tambayarsa ɗaya ce: "Na nawa ka zo?" Wanda ya zo na ɗaya a yanka masa kaza, ko a yi masa alkawarinta. Da daddare a majalisa kowa ya kawo nasa: wannan ɗansa na biyu, wancan 'yarsa ta uku, wani ya ce nasa na huɗu ne amma malamin ne ba ya son shi. Ajin nan yara sun haura ɗari. Wanda ya zo na tamanin da bakwai, har yau ba a gano ɗan gidan wane ne ba.