Sanduna biyu-biyu a kan Dala

Duk mai waya a Baure ya sha hotuna a makon nan. Wasu samarin garin, da abokansu na Zango da Daura, sun je hawan dutse sun dawo lafiya, kuma sun rantse babu wanda zai kwana bai sani ba. Mai wannan shafi ya buɗe WhatsApp da asuba don duba sanarwar ɗaurin aure, sai ya tarar da ƙarti cikin riga iri ɗaya, kowa ya ɗaga hannu sama kamar an ci zaɓe.

Ƙasar Baure dai shimfiɗaɗɗiya ce. Daga nan har Babban Mutum babu abin da ya fi ƙarfen sabis tsawo. Don haka aka yi karo-karo, aka ɗauki shatar bas, aka bi ta Daura, aka wuce duwatsun Kazaure ana ɗaga musu hannu ta taga, tunda su ba a yi musu matakala ba. Dala aka nufa. A ƙasan kowane hoto an rubuta mita 534. Haka yake a littafi, amma daga bakin teku ake aunawa, kuma birnin Kano kansa ya haura mita 450. Wato tun kafin a sauka daga bas an riga an hau musu mafi yawa.

Sai maganar sanduna. Kowane gwarzo yana riƙe da sandar ƙarfe guda biyu, irin mai zugewa, wadda masu hawan Kilimanjaro mai mita 5,895 ke dogarawa, ko masu zuwa Chappal Waddi a Taraba. Bafulatani yakan kora shanu daga kan iyakar Nijar har bakin Binuwai da sanda ɗaya tilo. Barbushe kansa, mai dutsen, tarihin Kano ya ce da sandarsa yake kashe giwa, ba a ce sandunansa ba. Amma ɗan Baure mai shekara 25 ba zai taka matakalar siminti ba sai da biyu: ɗaya ta dogarawa, ɗaya ta nuna Kasuwar Kurmi a hoto. Akwai wanda bai gano yadda ake zuge tasa ba, haka ya hau a duƙe ya sauko a duƙe. Akwai wanda tun da aka dawo da ita yake zuwa masallaci, dattawa na ta yi masa sannu da jiki. Wani kuma an ce ƙanwarsa ta riga ta gwada tasa a kan tuwo.

Da hannu biyu a cike, wa zai ɗauki kular shinkafar? Wani yaro ne ɗan unguwar, da silifas ɗinsa ya tsinke, aka ba shi 'yan canji. Ya riga kowa isa sama, ya sauko ya kwaso ruwan leda, ya sake hawa, har yana tambaya, "Yaya, a nan zan sauke?" A duba hotunan nan kaf, babu shi. An ce ya matsa gefe, rigarsa ba ta shiga ankon ba. Ledojin ruwan da aka sha kuwa suna can a kan dutsen. Gwarazan nan su ne fa samarin da idan uwa ta ce a kai wa masu noma abinci gona, sai a ji gwiwa ta motsa.

To amma ba wannan ne ya hana ƙungiyar masu hawan barci ba. Tafiyar yini ɗaya ta haifi shugaba, da mataimakinsa, da sakatare, da ma'aji, da jami'in walwala, da jami'in hulɗa da jama'a, da mai binciken kuɗi wanda ƙanin ma'ajin ne. Yanzu rigima ta kaure kan ragowar kuɗin mai. Jami'in hulɗa da jama'a ya fita daga zaurensu na WhatsApp sau biyu, ana dawo da shi, domin a wayarsa hotunan suke. An sa taron sulhu ranar Juma'a bayan la'asar, kuma batu na biyu a ajanda shi ne kalar rigar da za a ɗinka don zuwa Kufena a Zariya.