Ƙarfen Motsa Jiki da Aljihun Talaka

Saurayin da ke son ƙirji ya buɗe a Minna, kada ya tambayi kuɗin ƙarfen kanti, jin farashin kaɗai zai ramar da shi. Gwangwanin fenti biyu, kwaɓin siminti da guntun rodi daga wajen mai walda a Kpakungu, shi ke nan. Sai dai gefe guda yakan fi nauyi, ka ga kafaɗar dama ta riga ta hagu girma.

Mai wayo jarka yake saya. Ruwa lita 25 kilo 25 ne, ga Hajiya na sa albarka idan randa ta cika. Masu dakon doya a Kasuwar Gwari kuwa biyansu ma ake yi. Malam, je ka nemi gurbi.