Kada Wanda Ya Cire Ledar Nan

Daren Talatar nan, na kishingiɗa bayan isha'i ina lallashin barci, sai na ji wani motsi daga ɗakin samarin gidanmu: ƙacau-ƙacau, kwas-kwas, can kuma wani "gwaf" mai ban tausayi. Na tabbata ɓera ne ya samu buhun garin kwaki. Na ɗauki tocila da warin takalmi na nufi ɗakin da niyyar kisa. Ashe ɗan wana ne ya sayi jita.

Ni ban ce kada yaro ya sayi jita ba. Kuɗinsa ne, shi ya tara su a shagon cajin waya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jitar tana cikin ledarta. Ledar da kamfani ya naɗo ta da ita tun daga ƙasar Sin tana nan daram, daga ƙugu har wuya. Reza ya sa ya tsaga 'yar kafa daidai inda hannun dama zai kaɗa tsirkiya, ya ƙara wata a wuya don yatsun hagu su samu hanya, sannan ya ɗaure bakin da robar ɗaure kuɗi.

Na ce, "Kai, ledar nan fa?"

Ya ce, "Haba Baffa, ai sabuwa ce."

"To ai shi ya sa na tambaya."

"In na cire ai ta zama tsohuwa. Ranar da na tashi sayarwa fa?"

Kun ji riga malam masallaci. Ko kamu ɗaya bai iya ba, bai san wace tsirkiya ce ta sama ba, amma ya gama tsara ranar sayarwa har da ribar da zai ci.

Yadda aka zaɓo ta ma abin a ba da labari ne. Tawaga aka yi zuwa Sabon Gari, shi da abokansa na majalisa, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe ko da gurmi. Mai shagon, mutumin da ya saba da mawaƙan coci masu sanin abin da suke so, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ɗauko musu mai tsirkiyar nailan, irin Yamaha C40 ɗin nan da ake fara koyo da ita a ko'ina a duniya, ya ce wannan ba ta cin yatsa sosai. Ya ɗauko mai tsirkiyar ƙarfe, ya ce wannan ta fi amo amma sai an daure mata. Ya nuna musu abin da mai hankali ke dubawa kafin ya biya: a kalli wuyan ko ya miƙe, a murɗa kunnuwan a ji ko suna riƙe saiti, a duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da 'yan ƙarafan wuya, wadda a ƙarfe na 12 bai kamata ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba in mai tsirkiyar ƙarfe ce. Tawaga ta koma gefe ta yi shawara, ta yanke hukuncin cewa mutumin nan so yake ya liƙa musu wadda ta ƙi sayuwa. Suka nuna wata shuɗiya can sama mai ɗaukar ido, wadda ta dace da shaddar sallarsa, an rubuta mata sunan wani babban kamfanin Amurka amma harafi ɗaya ya zame a hanya. Kyan ɗan maciji. Tazarar tsirkiyarta kuwa, na gwada da idona, fensir yana wucewa ta ƙarƙashi bai gaisa da kowa ba. Ko ƙwararre sai ya haɗa da addu'a kafin ya danne ta.

Da aka dawo gida kuma sai malaman jita suka ɓullo ta kowace kusurwa. Ku kun san mu, ba a rasa masani a kan abin da ba mu taɓa gani ba. Wani ya ce kuskure aka yi, da mai wuta aka sayo, bai tuna cewa mai wuta sai da amfilifaya, amfilifaya sai da wuta, wutar kuma sai da janareta, wanda in ya tashi ba mai jin kiɗan kowa. Wani ya ce shi a saninsa duk jita ɗaya ce, tsirkiya kawai ake sauyawa, a sa ta ƙarfe a jikin kowace iri. Wannan shawara ta raba mutane da yawa da dukiyarsu: tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jikin jita da nauyin da ya kai kilo 70, na nailan kuwa wajen kilo 40 ne, don haka in ka ɗaura ƙarfe a jikin wadda aka ƙera don nailan, wata rana kana zaune katakon da aka manna a cikinta zai yi sallama da ita. Wani dattijo kuma ya ce duk wannan surutu ne, kiɗa baiwa ce, in akwai ta a jini yaro zai wayi gari ya ga yana yi. Yaron ya fi son wannan fatawa, don ita kaɗai ce ba ta buƙatar ya yi komai.

Na tambaye shi ko ya saita ta. Ya ce mai shago ya saita masa tun a can. A ganinsa saiti sau ɗaya ake yi a rayuwa. Na ce masa tsirkiyoyin nan shida kowace da muryarta, E, A, D, G, B, E, kuma sabuwar tsirkiya kullum sai ta saki, akwai manhajar saiti kyauta a wayar da ke hannunsa. Ya ce kunnuwan suna cikin leda. Na ce ya yanke faratan hannun hagu, don ba a danna tsirkiya da farce. Ya yarda da huɗu, ya ƙi na ƙaramin yatsa, wai tun yana aji uku na sakandare yake kiwonsa, kuma da shi yake sosa kunne. Na ce sai ya jure zafi na 'yan makonni, kullum minti 15 ko 20, kafin kan yatsunsa ya yi kanta. Ya duba yatsunsa da tausayi. Ban ma kai ga ba shi labarin kamun F ba, inda manuniya ke kwanciya a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, mashigin da ya cinye ɗaliban jita ba adadi. Wanda bai fita daga zaure ba, ina amfanin tsorata shi da kogi?

Amma hotuna, masha Allah. Jita a kafaɗa, ido a sararin samaniya, ledar tana walƙiya a hasken yamma. A ɗaya daga ciki ma a juye ya riƙe ta. 'Yan uwa da abokan arziki suna ta sa albarka, ana Allah ya ƙara basira.

Mu koma kan ledar, don ni ita ce ta dame ni. Jita ba a tsirkiya kaɗai take magana ba. Fuskar cikinta katako ne siriri da bai fi milimita 3 ba, shi ke karkarwa ya fitar da amo, kuma shi ne yaron nan ya shaƙe. Da na faɗi haka sai majalisa ta tashi kare leda, wai maganin hunturu ce. Hunturu dai gaskiya ne yana fasa jita. Katakonta yana son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a Kano kuwa in buji ya sauko yakan faɗi ƙasa da kashi 20, sai ka ga fuska ta tsage, ƙarafan wuya sun fito suna yankan hannu. Maganinsa a sa ta a jakarta a rufe, a ajiye ɗan soso mai laima a cikin gidan sabulu mai huji a gefenta. Leda mai tsaga biyu ba ta tsare komai. Abin haushin ma, 'yar ƙunshin nan ta tsakuwoyi da kamfani ke sakawa don ta tsotse danshi a cikin jirgin ruwa, tana nan a cikin ramin jitar tana ci gaba da aikinta a garin da babu danshin tsotsa. Ya ce kayan kamfani ne, ba a taɓawa. Goggonmu da ta girgiza jitar ta ji abu yana motsi, ta ce laya ce, ta kuma yaba wa mutanen Sin da suka san akwai kambun baka.

Ranar Alhamis ledar ta yage a inda gwiwar hannunsa ke gogawa. Aka shiga jimami. Ya sayo salatif ya yi mata ɗinki. Da ya ga abin zai ci gaba, sai ya je ya sayo wata leda, babba, ya rufe ta kamfanin da ita, tunda ta kamfanin ce shaidar sabunta, ita ya kamata a tsare. Yanzu jita tana cikin leda, leda tana cikin leda, kuma ana maganar samo ta uku saboda ƙura. Wanda ke son taɓawa sai ya wanke hannu, ya taɓa ta wajen. Ina hango ranar rabon gado, bayan shekaru masu yawa in Allah ya kai mu, malam ya zauna da alƙalaminsa: jita ɗaya, ba a taɓa jin muryarta ba, leda uku, ta ciki a yi mata kuɗi daban.

Da safe na kai ƙara wurin uban yaron. Na ce, "Yaya, ka sa baki yaron nan ya cire ledar nan ya koyi abin nan da gaske, ko ya mayar."

Ya kurɓi kokonsa ya ce, "A bar kaza cikin gashinta. Ranar da ya cire ledar nan, ranar zan fara damuwa."

To nan ne dariyar ta ƙare mini. Ashe yarjejeniya ce. Yaro ya samu abin hoto, uba ya samu tabbacin ɗansa ba zai zama makaɗi ba, leda ce shaida. Kuma wannan Yayan nawa, in ka shiga motarsa, daga Kano har Zariya Shata ne ke tashi, in aka sako Haruna Uji da gurminsa har lumshe ido yake yi a kan titi. A wurin biki shi ne na gaba wajen liƙi. Amma makaɗi ya aiko neman auren 'yarsa, sai a fara binciken asali har kaka na bakwai. Muna son kiɗa, muna ƙyamar hannun da ke yin sa. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tal ya yi rayuwarsa, kuntigin gwangwanin kifi da 'yar fata, ya zaga duniya da shi, ƙasa ta ba shi lambar girma, ya rasu a 2015. Yara nawa muka tura su zauna a gabansa su koya kafin ya tafi? Haye iyaka ka shiga Nijar: Mdou Moctar, Ba'abzine kuma bahago, iyayensa ba sa son kiɗan, ya samu katako da wayar birkin keke ya ƙera jitarsa ta farko da hannunsa. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka bi wayoyin mutane daga hannu zuwa hannu har suka tsallaka teku, yau Amurka da Turai ake sayen tikiti a kalle shi. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen shi ma da gwangwani da sanda da waya ya fara, ƙungiyarsa ta ɗauki kyautar Grammy a 2012. A Agadas jita ce ke raya biki, kuma in ka ga jitocin masu yin, duk sun goge, fenti ya ci, inda hannu ke zama ya yi baƙi. Mu kuwa namu yana ƙyalli.

Ko da yake, in za a yi adalci, a ina yaron ya koya? A gidan da rimot ke cikin leda ya tashi. Rimot ɗin falonmu an naɗe shi tun zamanin talabijin mai ƙusumbi, lambobin sun ɓace a ƙarƙashin salatif, sai dai a danna da tawakkali. Sabuwar talabijin ɗin kuma takardar kamfani tana manne a kusurwarta, daidai inda ake rubuta ci nawa aka yi a ƙwallo, shekara da shekaru muna kallon wasa muna tambayar maƙwabta sakamako. Je ɗakin amarya: katifa a cikin ledarta, a watan Afrilu, a garin da zafi ke haura digiri 40. Ango ya kwana yana zamewa, in ya juya duk unguwa ta ji, ya tashi a jiƙe sharkaf, amma ba dama a cire, kada dangin miji su zo su ce tsohuwa aka kawo. Ga mai tabarau da tambari a kan gilashin ido ɗaya, yana tafe yana kallon duniya ta gefe. Ga mai kwat da alamar kamfani a hannun riga. Ledar da ya kamata mu jefar mun mayar da ita kayan gado, wadda muka jefar kuma tana kwata tana jiran damina ta maido mana da ita har tsakar gida.

Mota kuwa ba a magana. Akwai wani Alhaji a layinmu da ya yi shekaru yana jan motarsa kujerun na cikin leda. Bai taɓa sauya baƙin mai a kan lokaci ba, hayaƙin da take yi har kajin layi sun san lokacin fitarsa, amma in ka shiga da biro a aljihun baya sai ya sauke ka. Duk wanda ya rage wa hanya da rana, sai an ɓamɓare shi daga kujera in an iso. Da ya tashi sayarwa, turo ta aka yi zuwa bakin titi, don ta daina tashi. Mai saye ya zo da bakanikensa. Bakanike ya buɗe gaba, ya leƙa, ya rufe da sauri, ya ce, "Maigida, injin nan fa ya gama."

Mai saye bai ko juyo ba. Kansa na cikin mota yana shafa kujera.

"Kai dai ba ka san mota ba," in ji shi. "Dubi, ko ledarta ba a cire ba."