Ba A Taɓa Cin Ɗan Jos A Gem Ba

Tun ranar da PlayStation ta shigo garin Jos har zuwa yau, ba a taɓa samun mutum ɗaya da aka ci a gem don an fi shi iyawa ba. Ka zaga daga Bauchi Road zuwa Angwan Rogo, ka gangara Dilimi, ka leƙa Rikkos, ka hau mota har Bukuru, duk gidan gem ɗin da ka shiga mutum iri biyu za ka tarar: waɗanda suka yi nasara, da waɗanda aka zalunta. Wanda aka fi ƙwarewa kam babu shi. Allah bai halicce shi a Filato ba.

Shi ya sa nake sauraron sharhin 'yan gem da kunnen basira, domin sharhi ne mai rai, yana tafiya da sakamakon wasa. Ka tambayi saurayi da la'asar, bayan ya zura wa abokinsa huɗu ba ko ɗaya, zai gaya maka FIFA ita ce ƙwallo ta gaskiya, waɗanda suka ƙera ta sun san aikinsu. Ka dawo gab da magariba, an rama masa biyar, zai rantse maka wasan yara ce, gola ba ya kama komai, alƙalin wasa ɗan cin hanci ne, kuma dama shi ɗan PES ne tun fil azal.

Wanda bai taɓa shiga gidan gem ba, ga yadda yake. Shago ne madaidaici, an rataye tsohon zanen gado a ƙofa don kada rana ta haske fuskar talabijin. Benci biyu, talabijin uku, ɗaya sai an mare ta a gefe take kawo hoto. An rubuta "ba bashi" a jikin kwali, a ƙarƙashinsa kuma yaron shago na riƙe da littafin masu bashi. Mutum biyu ne ke bugawa, goma sha biyar na tsaye a bayansu, kowanne koci ne. Doka ɗaya ce tak, kuma ta fi wasu dokokin ƙasa aiki: wanda aka ci shi zai biya, shi zai tashi. Duk wani sharhi mai zurfi da za ka ji a kan nagartar gem ko aibinsa, daga wannan dokar ya samo asali. Mutumin da zai sa hannu a aljihu kuma ya bar benci a gaban jama'a, dole ya fita da bayani.

Bayani na farko shi ne fad, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu. Kullum akwai fad ɗin da aka naɗe da salatif, kuma kullum yana hannun wanda aka ci.

"Wallahi R1 ɗin nan ba ya yi. Ina danna gudu, ɗan wasana yana tafiya."

"To kawo mu yi musaya, mutumina."

A yi musaya, a sake ba shi uku. Sai ya juya fad ɗin, ya leƙa bayansa, ya hura masa iska, ya ce ai wannan ɗin X ne ke maƙalewa. Wanda ya ci shi da wancan mai ciwon R1 ɗin kuwa, sa'a ce kawai.

Bayani na biyu namu ne mu kaɗai, ba ma raba shi da kowa. Ɗan Kano ba shi da shi, ɗan Sakkwato ko a mafarki. Sanyi. Daga Disamba zuwa Janairu duk wanda aka lallasa a Jos yatsunsa ne suka sandare. Za ka gan shi da rigar sanyi biyu da hular sanyi har kunne, yana hura tafin hannu yana cewa a jira rana ta fito a ga aiki. Abokin karawar tasa a benci ɗaya suke, iska ɗaya ke kaɗa su, amma hunturu ya san wanda yake kamawa.

Sai ɗauke wuta, wadda ita rahama ce ga wani, musiba ga wani. Ana minti na tamanin, ana cin mutum uku da nema, ɗif, talabijin ta mutu. Nan take zai miƙe yana murmushi: "Ka tsira, yanzu na gama karantar wasanka." Daga nan shari'a ta tashi a kan wa zai biya, kuma ba a taɓa yanke ta ba tare da an kira mai shago da "Oga" sau bakwai ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, shari'ar ta ƙara sarƙewa, domin a wurare da yawa kuɗin wasa da wutar gwamnati daban, na janareto daban.

In duk waɗannan sun ƙare, akwai babban makami: gem ɗin ne da kansa ya ga dama. Ya riga ya rubuta wanda zai ci, shi ya sa ƙwallo ke dukan ƙarfe sau uku. Kada ka ɗauka yaran unguwarmu ne suka ƙirƙiro wannan aƙida. A 2020 wasu mutum uku a California ta Amurka sun maka kamfanin EA, mai yin FIFA, a kotu a kan zargi irin wannan. Kamfanin ya haɗa su da injiniyoyinsa, ya nuna musu yadda abin ke aiki, a 2021 suka janye ƙarar. Na kai wannan labari wani gidan gem ina zaton na kawo ƙarshen gardama. Wani yaro ya dube ni da tausayi ya ce, "Yaya, ai an sallame su ne."

Rigimar FIFA da PES kuwa ta girmi yawancin masu yin ta. 'Yan FIFA suna taƙama da sunaye na gaskiya, riguna na gaskiya, filaye na gaskiya. 'Yan PES suna cewa mu ƙwallo muka zo bugawa, ba kallon riga ba, kuma a nan suna da hujja, don sun shekara suna ɗaukar wata ƙungiya wai ita Man Red, da wata London FC, suna murna da cin kofi ba tare da sun ji kunya ba. Kamfanin Konami na Japan bai sayi izinin sunayen ba, amma ya ba su abin da ya fi suna. Ya ba su Roberto Carlos, ɗan baya da kowa ke ɗaukowa ya kai shi gaba ya zama ɗan gaba. Ya ba su Tijani Babangida, mutumin Kaduna, wanda in ka danna masa gudu sai dai a tare shi a wajen fili. A PES 6 ta 2006 ya ba su Adriano na Inter Milan, wanda in ya saki ƙafar hagu daga tsakiyar fili gola sai dai ya yi addu'a. Har yanzu akwai magidanta masu 'ya'ya huɗu a Nasarawa Gwom da in aka ambaci Adriano sai sun yi ajiyar zuciya.

Ana cikin wannan jayayya kamfanonin biyu suka zame suka bar mabiyansu a tsaye. A 2021 Konami ya binne sunan PES ya fito da eFootball, wadda ta zo da fuskokin 'yan wasa kamar dankalin Bokkos da aka tono da fartanya, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. A 2023 EA ya raba gari da hukumar FIFA bayan kusan shekara 30 suna tare, gem ɗin ya koma FC 24. Yau babu FIFA, babu PES. Amma je ka Farin Gada ka ji. Ana nan ana musu a kan wadda ta fi tsakanin FIFA da PES, kuma duk wanda ya ce zai buga "FC" sai a tambaye shi ko daga Rayfield yake.

Wurin zaɓen ƙungiya ne nake ganin ainihin kishin ƙasa. Garin nan ne fa ya fitar da Mighty Jets da ta ci gasar lig ta farko ta ƙasa a 1972. Plateau United ta ɗauki kofin a 2017. A nan Mikel Obi ya taso, a nan aka haifi Ahmed Musa da ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya ƙara wa Iceland biyu a 2018. Ba mai ja da ɗan Jos a wannan tarihi, zai karanto maka shi ba numfashi. Amma miƙa masa fad ka ce wanda aka ci zai biya, ka ga inda yatsansa zai nufa. Real Madrid. In an riga shi, Manchester City ko Faransa. Najeriya tana nan a jerin ƙasashe, ana wuce ta da gudu ba ko sallama. Wanda ya ɗauke ta, ɗayan biyu ne: ko ya raina abokin wasansa matuƙa, ko yana neman uzurin da zai kare kansa tun kafin a take.

Yanzu kuma yaƙin ya bar shago ya koma aljihu. PUBG Mobile ta fito a 2018, mutum 100 a tsibiri ɗaya. Free Fire ta ɗan riga ta, mutum 50, wasa na kusan minti goma, kuma ƙaramar waya ma tana ɗaukarta. Call of Duty Mobile ta biyo baya a 2019. In kana son sanin ra'ayin mutum a kan waɗannan ukun, kada ka wahalar da kanka da tambaya, duba wayarsa. Mai babbar waya zai ce Free Fire zanen yara ce. Mai ƙaramar waya, wadda in ta ga PUBG take zafi ta suma, zai ce PUBG ɓata lokaci ce, rabin sa'a kana kwance a ciyawa. Makaho ya rasa ido ya ce wari yake. Ranar da yayansa ya aiko masa da sabuwar waya daga Abuja, a ranar ra'ayi ke canjawa, ba tare da an sanar da kowa ba.

Su ba su da fad, sai Allah ya hore musu netwok. Ba a taɓa harbe ɗan PUBG ba sai da netwok ya tsaya. Abin da kawai zan roƙe su shi ne su duba garin da suke ciki. Saurayi ya toshe kunnuwa ƙarfe ɗaya na dare, ya ƙwala ihu, "An harbe ni! Suna bayan gida, ku zo ku tashe ni!" A wani garin dariya za a yi. A Jos, kafin ya rufe baki Mama ta fito da salati, Baba ya laluɓo tocila, maƙwabta sun fara kiran 'yan'uwa a waya. A buɗe ɗaki a same shi cikin bargo, lafiya lau, yana neman wanda zai ba shi caja.

'Yan GTA ba ruwansu da gardama. Tun San Andreas ta 2004 ban ga wanda ya damu da aikin da aka ba shi a ciki ba. A ƙwaci mota, a gudu, 'yan sanda su biyo. Babban abin yabon gem ɗin a wurinsu shi ne titi ba rami, kuma mutum na iya hawa babur ya ratsa tsakiyar gari ba wanda zai kama shi, abin da ɗan acaɓan Jos ya daɗe bai gani ba. Mortal Kombat kuwa aibinta ɗaya ne a bakin gwanaye: ka shekara kana haddace dabarun Scorpion da Sub-Zero, ƙaninka ɗan shekara bakwai ya zo ya dinga dukan madannai da tafin hannu ido rufe, ya kashe ka.

Kada manya su yi dariya da yawa. Kawun da ke cewa yaran zamani sun lalace da gem, shi ne ya ƙarar da batirin Nokia 3310 a kan macijin nan mai cin ƙwaya, kuma har yau yana tuna makinsa. Hajiyar da ke ƙwace wayar ɗanta ta kai matakin da ba a faɗa a Candy Crush, in rayukanta sun ƙare kuma ta ce gem ɗin so yake ta sa kuɗi. Dattawan da ke dara a gindin bishiya, in an ci ɗaya, cewa yake surutun 'yan kallo ne ya raba masa hankali. Jikansa bai ari halin a waje ba.

To tunda kowa na da ra'ayi, ga nawa, kuma ba na karɓar ɗaukaka ƙara. Ba a taɓa yin gem ɗin ƙwallo da ya kai PES 6 ba, ba kuma za a yi ba. Wanda bai yarda ba ya nemo PlayStation 2 mai rai, ya zo da fad biyu sababbi a kwalinsu, mu haɗu da rana tsaka a watan Maris, ranar da akwai wuta. Sharaɗina ɗaya ne, mai karatu: ni zan ɗauki Inter.