Masu Kiwon Tsofaffin Kwamfutoci

A Ingila da Jamus da Amurka akwai wasu magidanta, yawanci furfura ta fara leƙo musu, waɗanda rarar albashinsu ke ƙarewa a kan kwamfutocin da wayar jikokinsu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. BBC Micro ta 1981, Commodore 64 da ZX Spectrum na 1982, Amiga 500 ta 1987. Wasu an saya musu suna yara, wasu an hana su, shi ya sa yanzu suke ramuwar gayya. Daga nesa sai ka ce jama'a ɗaya ce. Matso kusa ka sha kallo, don kowa cikinsu gani yake ɗan'uwansa ne ke wulaƙanta na'urar.

Akwai Sarkin Ajiya. Shi kwalin yake so, kwamfutar rakiya ta yi. In ya sami wadda ba a taɓa ɓare ledarta ba, to ta shiga kurkuku har abada, domin buɗewa zai rage mata daraja. Ko tana aiki? Bai sani ba, kuma ba ya son sani. Kullum labarinsa ɗaya: Apple I da aka sayar dala 666.66 a 1976, ga shi a 2014 gidan tarihi na Henry Ford ya sayi guda a gwanjo kan dala 905,000. Abin da ba ya faɗa shi ne Apple I kusan 200 kacal aka ƙera, tasa kuwa miliyoyi aka yi irinta, kuma rabinsu na nan a garejin mutane irinsa, kowa na jiran ranar da farashi zai tashi.

Maƙwabcinsa Likita ne, wanda ba ya iya ganin lafiyayyar kwamfuta ya ƙyale ta. Kafin ya jona ta da wuta ya riga ya kwance bayanta. A yi masa adalci, tsoronsa na da tushe. Tsohon kapasitan da ke cikin BBC Micro kan fashe ya cika ɗaki da hayaƙi mai wari. Batirin da ke cikin wasu samfuran Amiga kan yi yoyo ya cinye allon lantarkin. Akwatin wutar Commodore 64 kuwa in ya tsufa yana iya sako wuta fiye da kima ya ƙone abin da aka ba shi amana. Matsalar ita ce Likita ba ya sallamar majiyyaci. Ya sauya wannan, ya narka dalma a kan wancan, ya mayar da murfi, sai ya ga kusoshi biyu sun yi saura a kan tebur. In ta tashi, zai kalli rubutun farko da ya bayyana, ya gyaɗa kai, ya kashe ta, ya jawo wata.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Mai Bilicin. Robar waɗannan na'urori kan yi ɗorawa da shekaru, shi kuwa ya rantse sai ta koma fara sol kamar ranar da ta fito daga kanti. Sai ka ga dattijo da gemunsa a shagon kayan gyaran gashi yana tambayar sinadarin da ake koɗar da launin gashi da shi, mai shago na kallonsa sama da ƙasa. Ya dawo gida ya shafe jikin kwamfutar, ya naɗe ta da leda, ya shanya a tsakar gida yana jiran rana. A Ingila fa! Ƙasar da sai a yi mako rana ba ta cika alkawari ba. In ya yi garaje, ta fito dabbare-dabbare, nan fari can toka. In ya yi sa'a ta yi fes, ya ɗauki hoto ya nuna wa duniya. Bayan 'yan shekaru ɗorawar ta fara dawowa, kamar yadda duk mai shafa mai ya sani, amma wannan hoton ba ya ɗaukarsa.

Sai abokan gaba biyu. Ɗan Gargajiya ba ya yarda da komai sai kaset da tsohuwar talabijin mai ƙeya. Zai zauna minti biyar yana sauraron Spectrum na ƙugi da tsuwa, ratsin launi na rawa a gefen allo, kafin wasa ɗaya ya hau. Ana dab da gamawa ta ce an sami kuskure, ya mayar da kaset baya ya soma daga farko, yana murmushi, wai daɗin ke nan. Ɗan Zamani kuwa ya yashe cikin tasa ƙarƙaf, ya dasa 'yar ƙaramar kwamfutar zamani, Raspberry Pi, ya zuba wasanni dubbai a ɗan katin da bai kai farce ba. Ba ya buga ko ɗaya, yini yake yana zaɓe. In suka haɗu a baje koli, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma sama-sama.

'Yan jam'iyya ba su da wuyar ganewa. Na Commodore na cewa madannan Spectrum roba ce ta goge fensir, na Spectrum na cewa launukan Commodore duk laka ce. Na Amiga da na Atari ST ma haka. Kamfanin Amstrad ya saye harkar kwamfutar Sinclair, mai ƙera Spectrum, tun 1986, Commodore ya karye a 1994, amma har yau ba a sanar da magoya baya cewa an tashi daga wasa ba.

Dillali yana da harshensa a kasuwar intanet ta eBay. “Ba a gwada ba” na nufin an gwada, ta ƙi. “Tana aiki sa'ad da aka ajiye ta” na nufin tun zamanin Margaret Thatcher.

Mutum ɗaya nake cire wa hula, shi ne Mai Ƙure Maleji. Shi ne ke sa na'urar aiki da gaske. Commodore 64 kilobayit 64 gare ta, wurin da hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba, kuma guntun da ke fitar mata da sauti, SID, murya uku kawai yake da ita. A cikin wannan ƙunci shi da ire-irensa suke tsara kiɗa da zane mai motsi da masu ƙera ta ba su yi mafarki ba, su kai gasar Revision da ake yi a Saarbrücken ta Jamus lokacin Ista. Wani ya shafe shekara bakwai yana mayar da Super Mario Bros. kan Commodore 64, ya sake shi a 2019, ba a yi kwanaki ba kamfanin Nintendo ya sa aka sauke shi. Tukuicinsa ke nan.

Mafi yawa dai su ne 'yan Wata Rana. Sito cike, ƙarƙashin gado cike, kowace da takarda manne a jiki: a duba wuta, a sauya madannai. Uwargida ta kafa doka, in ɗaya ta shigo ɗaya ta fita. Shi ya sa yanzu maigida yake ba masu kawo saƙo adireshin ofis, sababbin kuma su kwana a but ɗin mota har sai ta tafi unguwa.